Ɗan'uwa, gangara ce ta taɓa maka gwiwa

Tun jiya da daddare da na karanta tambayarka abin yake raina, ɗan'uwa. Ka ce ka koma zama karkara, hanyoyin wajen daga hawa sai gangara, kilomita 10 ɗin da kake gamawa cikin minti 52 a cikin gari yanzu sai ka haura awa guda, ga gwiwar dama ta fara yi maka zogi ta gefen waje, har kana tunanin ko ka haƙura da gudun gaba ɗaya. Wallahi kamar ni na rubuta. Don Allah kada ka haƙura, amma ka dakata na ɗan lokaci, ka ji abin da ya same ni.

Maganar minti 52 ɗin nan, ka cire ta daga ranka. Lokacin shimfiɗaɗɗiyar kwalta ne. Abin da tudu ya ci maka a hawa, gangara ba ta biyan ka shi duka, ko da kuwa tsawonsu ɗaya. Ni yanzu numfashina nake saurare. In ina hawa na ga ba zan iya yin magana mai tsawo ba sai da haki, sai in rage taku, in ta kama in taka da ƙafa har in kai ƙoli. Ba ƙarfinka ne ya ragu ba.

Shekarar da na fara irin waɗannan hanyoyi na haɗu da wani mutum da ya daɗe a harkar, ya kuma girme ni. Ba zan kama suna ba. Na ɗauke shi malami, duk abin da ya faɗa sai in hau kai in zauna. Abu biyu ya cusa mini: wai mai gudu na gaskiya ba ya tafiya a kan tudu, kuma a gangara ake rama lokaci, ka saki jiki ka buɗe ƙafa. Wata uku ina haka. Gwiwa ta fara yi mini magana, na gaya masa, ya ce tsamin jiki ne, zai wuce.

Wata safiya muka ɗauki zagaye na kilomita 16. A wajen kilomita na 11 akwai wata doguwar gangara mai tsakuwa, gonaki dama da hagu, har ta sauka wani rafi. Ya zuba da gudu, na bi shi ina watsa ƙafa gaba yadda ya koya mini. Ban kai rabi ba na ji kamar an kafa mini ƙusa a gefen gwiwa. Na tsaya cak, na kira shi. Ya waiwayo, ya gan ni dafe da ƙafa, ya ɗaga mini hannu, ya ci gaba. Har yau in na rufe ido ina ganin rigarsa tana ƙanƙancewa a hawan da ke ƙetaren rafin. Babu sabis a wayata, ruwana ya ƙare, babu gida ko ɗaya kusa. Kowane taku a gangarar nan sai na cije leɓe, ƙarshe da baya da baya na sauka, don ta haka kawai gwiwar ke yarda. Kusan awa biyu na yi kafin in kai inda muka taso, rana ta take. Na tarar ya tafi. Da yamma na ga ya sa lokacinsa yana murna, ko ya tambayi yadda na iso. Da na yi masa magana daga baya sai ya ce rashin juriya ne. Sati shida ban yi gudu ba. Ciwon bai dame ni kamar kalmar nan ba, don na yarda da shi, na yi ta zargin kaina. Shekaru sun wuce amma in na tuna sai zuciyata ta ɓaci. Ba a barin mutum shi kaɗai a dokar daji da ƙafa ɗaya, ko da maƙiyinka ne.

Likitan fisiyo, mai duba ciwon tsoka da gaɓoɓi, shi ne ya buɗe mini ido. Akwai wata doguwar jijiya mai kauri da ta taso daga ƙugu, ta bi gefen cinya, ta sauka har ƙasan gwiwa ta waje. A nan nawa ciwon yake, kuma gangara ce ta fi tayar da shi. Yadda ka kwatanta naka ya yi kama sosai, amma ka je a duba ka, ni ba likita ba ne. Ya kuma bayyana mini cewa a gangara tsokar gaban cinya birki take takawa, tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyinka duka, kuma irin wannan aikin ya fi kowanne yi wa tsoka rauni. Shi ya sa ranar da ka yi gudun ba ka jin komai sosai, sai kwana na biyu ko na uku sauka daga matakala ta gagare ka. Daɗin abin, tsoka tana koyo. In ka yi gangara kaɗan, ka huta, ka sake, tsamin karo na biyu ba ya kai na farko. Kaɗan-kaɗan ake shigar ta.

Ka dubi tseren Comrades na Afirka ta Kudu, wanda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90. Sukan juya alƙiblar, wata shekara a hau, wata a gangaro, kuma sanannen abu ne a wajen masu yin sa cewa shekarar gangarowa ta fi dagargaza cinya. A tseren nan dubban mutane suna takawa da ƙafa a kan tuddai kuma su karɓi lambarsu. Da na san wannan tun farko da ban saurari mutumin nan ba.

A gangara ka gajarta taku, ka yawaita shi, ƙafarka ta sauka ƙarƙashin jikinka. Kada ka jingina baya kana dukan ƙasa da dunduniya. In kana jin ƙarar tafin ƙafarka fat-fat, ka yi yawa.

Wani abin da ba ka ambata ba, kwaltar karkara tana da doro a tsakiya don ruwa ya gangare gefe. In kullum gefe ɗaya kake bi, ƙafa ɗaya tana sauka ƙasa da 'yar'uwarta na tsawon kilomitoci. Ga shi kuma dole ka fuskanci motocin da ke tahowa don ka gan su. Shi ya sa na fi son hanyar burji ko ta gona, inda zan bi tsakiya. In dole sai kwalta, ka yi hattara da kan tudu da kwana mai kaifi, direba ba ya ganin ka sai ya zo dab da kai. Ni tun kafin in kai wurin nake tsallakawa inda za a hango ni daga nesa, in sa riga mai haske, kunnena kuma babu abin sauraren waƙa. Kare in ya taso, kada ka gudu. Ka tsaya, ka ba shi gefe, ka ja da baya a hankali.

Hanya kuwa, ka fara bin ta da ƙafa ko da keke kafin ka yi mata gudu. Strava, manhajar waya ta masu gudu da keke, za ta nuna maka yawan hawan, amma ba za ta gaya maka inda ruwa ya cinye hanya ba. Na fi son ƙananan zagaye biyu masu haɗuwa a wuri ɗaya, in ajiye ruwa a nan, in wani abu ya faru ban yi nisa ba. Kuma ban sake fita ba tare da na gaya wa wani hanyar da zan bi da lokacin dawowata ba. Ranar rafin nan ce ta koya mini.

Ina son hanyoyin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Akwai wani tudu da nake kaiwa da sassafe, hazo kwance a kwari, raɓa ta jiƙa mini takalmi, ba ka jin komai sai numfashinka da tsuntsaye. Na kusa rasa wannan saboda mutum ɗaya.

Yanzu dai ka ba gwiwar hutu har ka iya sauka matakala ba zogi. In ka dawo, ka hau da gudu ka gangaro da tafiya na sati biyu ko uku, kuma da zogin ya motsa ka tsaya nan take. Ka gaya mana, a hawa yake fara maka ko a gangara, kuma bayan minti nawa?