Za mu koma Garwa da yara: wace unguwa, wace makaranta?

Tambayoyin wannan karon duk a kan ƙaura zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, suke, daga iyalai masu yara. Mun taƙaita kowace tambaya kafin amsarta.

Wani magidanci daga Gidar ya ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Garwa, ofishinsu yana unguwar Filato. Yaransa uku: ɗaya a aji CE1 (aji uku na firamare), ɗaya za ta shiga CM2 (ajin ƙarshe na firamare), babban kuma yana 5e (aji biyu na sakandare). Dillali ya samo masa gida mai ɗaki uku a Bokle, kuɗinsa ya yi ƙasa da na cikin gari da sefa 10,000 a wata. Ya kama, ko ya dakata?

Malam, ka dakata tukuna. Ka fara samar wa yaran gurbi a makaranta, sannan ka nemi gida a kusa da ita. Gidan haya ana iya sauya shi a kowane wata, amma gurbi a aji mai kyau sai farkon shekarar karatu, a watan Satumba, kuma wanda ya makara sai abin da ya samu.

Wadda za ta shiga CM2 ita ce ta fi gaggawa. A wannan shekarar za ta zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga aji 6e, wato ajin farko na sakandare, kuma tun a watannin farko na shekara makarantu ke haɗa takardun masu zaman jarrabawa. Idan ka sa ta a wata makaranta a Satumba, ka cire ta a Janairu saboda nisa, sunanta yana can, ita tana nan. Ka duba takardar haihuwarta tun yau, ka gwama sunan da ranar haihuwar da abin da ke kan takardun sakamakonta. Harafi ɗaya da ya bambanta yakan zama ciwon kai a ranar rajista. Idan kuma babu takardar sam, lokacin yi a ofishin magajin gari ya wuce, sai an bi ta kotu, kuma wannan ba aikin mako ɗaya ba ne.

Sanin makaranta mai kyau kuwa sai ka je da ƙafarka. Ka isa da ƙarfe 7:30 na safe a ranar karatu, ka guji Laraba da rana domin ana tashi da wuri. Ka gaisa da shugaban makaranta, ka roƙi ya bari ka leƙa ajin da ɗanka zai zauna. Ka ƙirga kawuna, ka ga yara nawa ne a benci ɗaya, ka ga ko akwai na ƙasa. Ka tambaya ko makarantar tana yin rabi da rabi ne, wato wasu da safe wasu da rana, domin makarantun gwamnati da suka cika da yara sukan raba su haka. Sannan ka yi tambayar da iyaye da yawa ba sa yi: malamai nawa ne gwamnati ke biya, nawa ne ƙungiyar iyaye ke biya? A arewacin Kamaru ajujuwa masu yawa suna hannun malaman da iyaye suka ɗauka. A cikinsu akwai haziƙai, amma albashinsu kaɗan ne kuma yakan makara, shi ya sa wanda ya samu abin da ya fi yakan tafi a tsakiyar shekara. Kafin ka fita ka zaga baya ka ga ban ɗaki da wurin shan ruwa. Yarinya mai shekara 11 ko 12 ba za ta gaya maka cewa tana riƙe fitsari har a tashi ba, sai dai ka ga ta fara ƙin zuwa.

Idan aka ce maka "duk yaranmu sun ci jarrabawa bara", ka nemi adadi biyu: nawa suka zauna, nawa kuma ke cikin CM1, wato ajin da ke kafin CM2, shekarar da ta gabata. Makarantar kuɗi da ke da yara 60 a CM1 amma 25 suka zauna CEP tacewa take yi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka karɓi littafin rubutun wani yaron unguwar da ke ajin, ka buɗe. Idan akwai kwanan wata a jere, akwai jan biro na malami, an sa yaro ya sake rubuta abin da ya kuskure, to ana aiki. Idan shafi goma sun wuce babu hannun malami, fentin bango ba zai gyara wannan ba.

Shi babban, ka tafi lise, wato makarantar sakandare, da takardun sakamakonsa na bara da takardar shaidar cewa ɗalibin tsohuwar makarantarsa ne, tare da takardar canjin wurin aikinka, domin ita ce hujjarka ta neman gurbi. Hukumar jarrabawar Baccalauréat, ta kammala sakandare, tana fitar da jerin makarantu bisa sakamako, yana da amfani, sai dai yana magana ne a kan manyan ajujuwa. Ba zai gaya maka ko aji 5e yana da malamin lissafi bana ba. Wannan sai ka tambayi ɗaliban a bakin ƙofa.

Sai lissafin Bokle. Unguwar tana ƙetaren gadar Binuwai ne, a hanyar Ngawundere. A ce yaran a cikin gari za su yi karatu, kuma a ce kowane zuwa a moto, wato babur na haya, sefa 200 ne. Zuwa da dawowa 400, a kwana 20 na wata 8,000. Moto ɗaya ba za ta ishe su ba, tunda lokacin tashinsu ya bambanta, kuma ba ma goyon bayan jera yara uku a bayan ɗan moto a kan gadar da manyan motoci ke bi. Moto biyu 16,000 ke nan a wata, a wata tara 144,000. Rangwamen hayar kuwa 120,000 ne a shekara. Ka saka farashin da 'yan moto suka faɗa maka a wurin namu, ka ƙara naka kuɗin zuwa Filato, ka ga inda ka tsaya. Idan ka samu makarantun da suka gamsar da kai a can ƙetaren, to gidan ya yi, kai kaɗai ne za ka riƙa haye gada. Ma'auninmu ga ɗan firamare shi ne tafiyar ƙasa da ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba, ba tare da tsallaka babban titi ba. Ka taka hanyar da kanka da rana tsaka, kana tuna cewa a Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40.

Wata uwa daga Mubi ta ce maigidanta ɗan kasuwa ne, za su tare a Garwa. Yaranta da Turanci suka fara karatu: ɗaya a aji huɗu na firamare, ɗaya a aji biyu na ƙaramar sakandare, auta kuma shekararsa biyar. Tana kuma tsoron kada su rasa Islamiyya.

Hajiya, Kamaru tsarin karatu biyu gare ta, na Faransanci da na Turanci, kowanne da ajujuwansa da jarrabawarsa. Na Turanci yana da aji shida a firamare, sai shekara biyar zuwa jarrabawar GCE ta farko, sai biyu zuwa ta ƙarshe, wato shekara bakwai a sakandare, saɓanin shida da kuka saba a Najeriya. Manyan biyun ki bar su a ɓangaren Turanci. Yaron da ya kai sakandare aka jefa shi ajin Faransanci yakan koma baya da shekara ɗaya ko fiye, kuma sau da yawa zuciyarsa ce ke fara karyewa kafin makinsa. Autan kuwa yana da sarari, zai iya farawa daga tushe a kowane ɓangare, kuma Faransanci zai yi masa rana a ofisoshin arewa.

Ki yi hankali da allon da aka rubuta cewa makaranta mai harshe biyu ce. A wurare da yawa ma'anarsa ɓangare biyu ne a harabar guda, kowane yaro yana nasa. Ki tambaya kai tsaye: akwai aji huɗu na ɓangaren Turanci? Yara nawa ne? Malamin da wane harshe yake koyar da lissafi? Garwa tana da lise ta gwamnati mai harshe biyu, amma gaba ɗaya makarantun Turanci ba su kai na Faransanci yawa ba, saboda haka ku ne kuka fi kowa buƙatar gida ya bi makaranta.

Islamiyya da makarantar allo ba su da wuyar samu, musamman a tsofaffin unguwannin cikin gari irin su Hausare da Fulbere. Inda ake samun karo shi ne lokaci. Idan bokon rabi da rabi take, makon da yaro ke zuwa da rana Islamiyyar yamma ta tafi. Akwai kuma makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci, suna rage wannan wahalar, amma ki nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi. Hukuma tana rufe makarantun da ba su da izini, kuma iyayen da suka riga suka biya ne ke kwana a ciki. Wani abu ɗaya: harshen titi da kasuwa a Garwa Fulatanci ne. Yara za su ɗauka cikin 'yan watanni, kada ya dame ki.

Wani matashi mai mata da jariri da 'yar shekara huɗu ya ce daga Marwa yake, ba zai samu zuwa ba, dillali zai turo masa hotuna ta WhatsApp ya biya ta waya. Me zai duba a hoton?

Ɗan'uwa, wannan cinikin biri a sama ne. Idan ba za ka iya zuwa ba, ka tura wanda ka yarda da shi, wanda ba shi da kaso a cinikin. Hoto ba ya nuna abin da ya fi cutar da mai iyali a Garwa, wato ruwa: na damina da ke shigowa, da na famfo da ba ya zuwa.

Garin yana bakin Binuwai, kuma a 2012 ambaliya ta yi ɓarna sosai a yankin, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo. Ko a shekarar da kogi bai yi ambaliya ba, gidan da ke kwari ko kusa da mayo, wato rafi, yana shan ruwan sama a Agusta da Satumba. Gidan da aka gani a Fabrairu kuwa duk ƙasa a bushe take. Wanda ka tura ya dubi gindin bango ta waje, ya ga ko akwai zanen da ruwa ya bari, ko siminti ya kumbura yana zuba, ko an yi sabon fenti a ƙasan bango kaɗai. Ya ga ko tsakar gida ta fi titi ƙasa. Idan makwabta sun gina dokin ƙofa mai tsawo ko sun ajiye buhunan yashi, sun ba shi amsa. Ya leƙa silin ya ga tabon yoyo, ya duba ramin ban ɗaki da tazararsa da rijiya. Inda ruwa ke kwanciya sauro ke yawa, kuma kana da yara biyu 'yan ƙasa da shekara biyar. Ka san cibiyar lafiya mafi kusa, da yadda za ka kai yaro da ƙarfe biyu na dare idan zazzaɓi ya tashi.

Ya buɗe famfo da kansa, sannan ya tambayi matan makwabta sau nawa ruwa ke zuwa a mako a lokacin bazara, da nawa suke sayen jarka idan ya ɗauke. Mitar wuta da ta ruwa, a tabbatar ko taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka. Mitar haɗaka ita ce uwar rigimar gidan haya: wani yana da firji biyu, a raba kuɗi daidai. Idan ba ta kati ba ce, a nuna maka rasit na ƙarshe, a rubuta lambar da take kai ranar da ka shiga, kada ka gaji bashin wanda ya fita.

Halin unguwa kuma ba a ganinsa a zuwa ɗaya. A je da safe, a je bayan sallar isha'i, a je daren Asabar. Lungun da ke shiru da hantsi yana iya zama maƙwabcin mashaya mai kiɗa har asuba. Mai shagon bakin layi da limamin masallacin unguwa za su faɗi abin da dillali ba zai faɗa ba. Kuɗi kuwa a hannun mai gida ake ba shi, bayan an ga katin shaidarsa, da yarjejeniya a rubuce: wata nawa aka biya gaba, nawa ne kuɗin ajiya, a wane sharaɗi za a mayar da shi, wa ke gyaran rufi, wa ke kwashe masai. Ladan dillali a yanke shi kafin a fara zagaye.

Tambaya ta ƙarshe daga wani Alhaji ce, wanda ke ganin haya asarar kuɗi ce, gara ya sayi fili a bayan gari ya gina.

Alhaji, ka yi hayar shekara ɗaya, ka ga damina ɗaya da bazara ɗaya, sannan ka saya. Filin bayan gari yana da sauƙin kuɗi ne saboda makaranta da famfo da hanya ba su iso ba, kuma babu wanda zai ba ka ranar isowarsu. Takardar da jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, ya sa wa hannu tana nuna an yi ciniki a gabansa, amma a dokar Kamaru takardar mallakar fili ta hukuma ce shaidar mallaka. Idan filin yana da ita, ka kai lambarta ofishin kula da filaye a duba sunan da ke kai da ko an jinginar da shi, kuma a ƙulla cinikin a gaban notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da ciniki. Idan na gado ne, kada ka biya sai duk magada sun sa hannu.