Zafin rufin kwano da kuɗin mita: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan kaina a Aboabo, nan Kumasi, ɗaki uku da falo, rufin kwano da silin na falanki. Tun da na sa eyakondishan a ɗakin kwana, kuɗin da nake zuba wa mita ya ninka. Kafintana ya ce in bari ya shimfiɗa mini abin tare zafi a cikin rufin gidan gaba ɗaya, wai na'urar za ta rage shan wuta. Kuɗin da ya yanka mini ba kaɗan ba ne. In yi ko in bari? (Wani magidanci daga Aboabo)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafintanka ya faɗi gaskiya a kan rufi, amma kada ka yarda da maganar gida gaba ɗaya. Ɗakin da na'urar take shi kaɗai zai dawo maka da kuɗi.

Kumasi ba ta kai digiri 7 ba daga layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa rana take bi ta tsakar ka kusan duk shekara, kuma rufi ne yake shan mafi yawan dukanta. A watan Fabrairu da Maris, iska tana wajen digiri 33 zuwa 35 da rana, amma kwanon da ke sama yakan haura 60. Wannan zafin yana sauka kan silin, silin ya miƙa wa ɗaki, bulo da katifa da kujeru su sha su ƙoshi. Gobe da la'asar ka hau kujera ka ɗora tafin hannunka a kan falankin. Idan ka ji shi da ɗumi, ka san na'urarka da shi take kokawa.

Sai dai ga abin da masu sayar da kayan ba su cika faɗa ba. Kwano yana saurin ɗaukar zafi, yana kuma saurin hucewa da zarar rana ta faɗi. Wanda yake kunna eyakondishan da rana, kamar mai ofis ko gidan da tsoho yake wuni a kwance, shi ne zai ga babban sauƙi a mita. Wanda ba ya kunnawa sai bayan sallar isha'i zai ga sauƙi, domin ɗakin bai tara zafi kamar da ba, amma ba zai kai na wancan ba. Kai ka san cikin biyun nan wanne ne kai.

Mu yi lissafi da yunit, tunda hukumar PURC, mai tsara farashin wuta a Ghana, tana sake duba shi a kai a kai, kuma darajar sidi, kuɗin Ghana, ta yau ba ta bara ba ce. Eyakondishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin wajen yunit ɗaya a awa idan injinsa yana aiki. Awa 8 kowane dare, zai iya kai ka kusa da yunit 240 a wata. Ka haɗa da firji, talabijin, dutsen guga da fitilu, ka tsallake yunit 300, inda kowane yunit a tsarin kamfanin wuta na ECG yake ƙara tsada. Ragin da za ka samu daga wannan saman mai tsada zai fito, kuma wannan yana cikin abin da ya sa aikin yake da riba ga mai eyakondishan. Ka riƙa rubuta abin da mita ta nuna kowace safiya har mako guda, ka bar na'urar a kashe dare ɗaya ko biyu don ka ga rabonta. Sannan ka ɗauka, don lissafi kawai, za ka rage kashi ɗaya cikin biyar na wannan rabon. Ka raba kuɗin aikin da kuɗin wutar da za ka rage a wata. In ya nuna kuɗinka zai dawo cikin shekara biyu ko uku, ni dai ina ganin ka yi, gida naka ne, ba tashi za ka yi ba.

Kafin ka kira kafinta, dubi tagoginka. Yawancin gidajenmu tagar luba ce, mai falle-fallen gilas, kuma ko an rufe ta iska tana wucewa ta tsakani. Kunna eyakondishan a irin wannan ɗakin ɗiban ruwa ne da kwando. Ka sauya tagar ɗakin nan kaɗai, ko ka toshe ta da kyau, ka sa roba a ƙasan ƙofa. Ka kuma tabbata cikin rufin yana shaƙar iska, a buɗe masa kafofi a gefe da gefe, a sa raga saboda ɓera da jemage.

Game da kayan, iri biyu za ka fi samu. Akwai takardar alminiyam mai ƙyalli da ake sa wa ƙarƙashin kwano. Ba ta aiki sai an bar tazarar iska a gefen mai ƙyallin, ko da ta yatsa biyu ce. Idan aka matse ta tsakanin kwano da katako babu sarari, an yi asarar kuɗi. Ta fi sauƙin sawa lokacin da ake sabon rufi. Kai da rufinka ya riga ya hau, audugar gilas ta fi dacewa da kai, a shimfiɗa ta a kan silin, kaurinta kada ya gaza santimita 5, kuma kada a danne ta. Amma a fara gyara duk inda yake yoyo. Ruwan Kumasi ba wasa ba ne, audugar kuwa in ta jiƙe ta daina aiki, ta kuma ruɓar da falanki. Mai gyaran wuta ya duba wayoyin da ke sama tukuna, kada a binne tsohuwar waya a ƙarƙashinta. Mai aikin ya rufe hanci da hannu, tana sa ƙaiƙayi.

Tambaya: Haya nake a Asawase, ɗaki ɗaya a gidan yawa, babu silin, fanka kawai gare mu. Yarana biyu duk ƙurajen zafi sun feso musu. Idan na sa abin tare zafi, zai rage mini kuɗin wuta? (Wata uwa daga Asawase)

Amsa: 'Yar'uwa, ba zai rage ba, kada kowa ya ruɗe ki. Fankar sama tana cin wat 70 ko kusa da haka. Ko ta kwana tana juyawa awa 8, abin da za ta ci a wata bai wuce yunit 17 ba. Idan ma mita ɗaya kuke rabawa da maƙwabta, ɗan ragin da kika yi cikin kason kowa zai narke.

Amma kuɗi ba shi kaɗai ne abin dubawa ba a ɗakin da yara suke kwana ƙarƙashin kwano tsirara. Yaron da bai yi barci ba, gobe a makaranta za a gani. Silin na falanki mara kauri zai canza ɗakin nan ƙwarai, kuma shi ya kamata ki nema. Tunda in kin tashi ba za ki tafi da shi ba, ki zauna da mai gida ku daidaita a cire kuɗin daga haya, a rubuta a takarda, da shaidu biyu. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata 6 a gaba, amma kowa ya san ana karɓar na shekara ɗaya ko biyu, don haka lokacin sabunta haya shi ne lokacin da maganarki za ta fi shiga. In ya ƙi, ki rataya tabarma ta wajen tagar da ranar yamma take duka; tare rana daga waje ya fi labule daga ciki amfani.

Abu biyu nake roƙon ki. Kada ki manna farin soson nan da ake tokare sabon talabijin da shi a kwali. Yana kama wuta da sauri, hayaƙinsa guba ne, mu kuwa muna da kurfoti a bakin ƙofa da kyandir ranar da aka ɗauke wuta. Sannan idan rufin tsohon asbestos ne, mai kalar toka, kada a huda shi ko a yanka shi, ƙurarsa tana lalata huhu.

Tambaya: Eyakondishan ɗin shagona a Sawaba na hannu na saya, ya tsufa. Da sabo zan fara ko da gyaran rufi? (Wani tela)

Amsa: Malam, da sabo za ka fara, domin tsohon inji yana cin wuta da yawa ko an gyara masa rufi. Cin wutar irin waɗannan ne ya sa dokar 2008 ta hana shigo da tsofaffin firji da eyakondishan Ghana. In ka je saye, ka nemi rawayar takardar Hukumar Makamashi a jikinsa, ka ƙirga taurari, mai taurari da yawa shi ne mai ƙarancin ci. Ka tsayar da shi a digiri 24 ko 25, ka haɗa da fanka. Shagon ɗinki kuma yana tara ɓurɓushin zare, sai ka riƙa wanke ragar na'urar duk mako biyu. Rufin ya biyo baya idan ka samu sarari bayan ɗinkin sallah, tunda kai da rana kake kunnawa.