Kik yana nutsewa in bes ya shigo

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa kiɗa a ɗaki da manhajar FL Studio, da zarar bes (kiɗan nan mai kaurin murya) ya shigo sai kik (bugun babbar ganga) ya nutse, in ka ƙara masa ƙarfi kuma sauti ya fashe. Daina ƙarawa. Su biyun gida ɗaya suke rigima a kai, wato sautin ƙasa, wajen 50 zuwa 100 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), dole ka raba musu gado.

Ni nakan bar wa kik wajen 60 Hz, in rage wa bes ƙarfi da 3 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) daidai nan da Parametric EQ 2, abin da ake rage ko ƙara wani yanki na sauti da shi a FL Studio. Sannan ka tura kik zuwa Fruity Limiter (abin danne ƙarfin sauti) da ke kan bes, yadda duk bugu ɗaya bes zai ɗan sunkuya ya ba shi hanya. Kada sunkuyawar ta yi yawa, in ba haka ba kiɗan zai dinga haki.

Kik da bes duka su zauna a tsakiya, kada ka karkatar da su lasifikar hagu ko ta dama. Ka ɗan ɗaga siririn sautin sama, wajen 3 zuwa 4 kHz (Hz dubu uku zuwa huɗu), a kik, don lasifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa, ɗan "tak" ɗin nan kawai ake ji. Na taɓa kwana ina gyara da abin kunne, da safe na kunna a waya, kik ko alamarsa babu.