Ku Tambayi Likita: Magungunan PCOS Da Wahalhalunsu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An gano ina da PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace da ke dagula al'ada da fitar ƙwai, aka rubuta mini maganin metformin miligiram 500 sau uku a rana. Tun da na fara nake zawo, zuciyata na tashi, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. In daina ne? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada ki jefar da maganin, ki koma wurin likitan da ya rubuta shi ya rage miki. Kusan duk wannan wahala daga farawa da yawa take. Metformin yana taruwa a bangon hanji, yana kuma hana hanjin tsotse ruwan matsarmama yadda ya saba, shi ya sa bayan gida ke yin ruwa. Hanji yana sabawa, amma sai an bi shi a hankali.

Yadda aka fi yi: mako ɗaya ko biyu na farko, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 da abincin dare. A tsakiyar cin tuwon za ki haɗiye ta, bayan loma biyar ko shida, ba kafin ki zauna ba, ba kuma sai kin wanke hannu kin yi hira ba. In ciki ya lafa, a ƙara ɗaya da karin kumallo. Haka za a riƙa hawa har miligiram 1,500 ko 2,000 a rana, gwargwadon abin da likita ya ga ya dace. Duk matakin da zawo ya dawo, a sauko na baya a zauna mako biyu. A wannan lokacin rage fanke, soyayyen nama da lemon kwalba, suna ƙara tayar da ciki.

In an yi wata guda ba sauƙi, ki nemi nau'in da ke narkewa a hankali, mai alamar XR ko SR a kwali. Ba a tauna shi, ba a raba shi biyu. Wani lokaci za ki ga kamar ƙwayar ta fito a bayan gida; ɓawonta ne, maganin ya riga ya shiga jiki.

Akwai inda ake dakatar da shi nan take: amai da gudawa mai tsanani har kin kasa riƙe ruwa, ko ciwon ƙoda. In za a yi miki hoton da ake sa allurar rini a jijiya, ki faɗa musu kina sha. Wadda ta yi shekaru a kansa, a duba mata bitamin B12, musamman in ƙafafu na mata sanyi ko tsikari. A azumi kuwa, kaso mafi yawa a buɗe-baki, ƙaramin a sahur. Ki kuma sani ƙwai na iya dawowa fita, ciki na iya shiga ba zato.

Tambaya: Likita, shekara huɗu da aure ban haihu ba. Ƙawata ta ce in sayi Clomid a kemis, wata bakwai ke nan ina sha. Yanzu ina ganin walƙiya a idona, gani na dishi-dishi, ga zafi na taso mini da dare. Daga Maraɗi.

Amsa: Baiwar Allah, ki daina shi yau, ki ga likitan ido, kuma kada ki sake sha. Zafin da ke taso miki da saurin fushi abu ne sananne da ke wucewa, amma matsalar gani ba a wasa da ita.

Wannan hali yana damunmu ƙwarai. Clomid, mai sa ƙwai ya fita, ba maganin da ake saya kamar panadol ba ne. Ana ba da miligiram 50 na kwana biyar a farkon al'ada, a bi da hoton ciki a ga ko ƙwai ya girma, kuma yawanci ba a wuce wata shida. Yana iya sirantar da shimfiɗar mahaifa, wato abin da kike nema ya ƙara nisa. Yana ƙara yiwuwar tagwaye. In ciki ya kumbura da ciwo, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya, ma'ajiyar ƙwai ce ta kumbura, asibiti za a nufa ko da tsakar dare. Ƙa'idar likitoci ta ƙasa da ƙasa ta 2023 ta sa letrozole, wani maganin fitar da ƙwai, a gaban Clomid ga masu PCOS. Nasa illolin ciwon kai ne, kasala da ciwon gaɓoɓi. Kafin komai, a duba bututun mahaifarki, maigida ma a gwada maniyyinsa. In matsalar na can, ko kwali goma kika sha ba abin da zai canja.

Tambaya: Ni budurwa ce, gashi na fito mini a haɓa. An ba ni spironolactone da ƙwayar tsarin iyali. Ina yawan fitsari da jiri, jini na ɗigo mini a tsakiyar wata. Daga Kumasi.

Amsa: Ƙanwata, ɗigon jini da ciwon nono kan wuce cikin wata uku in kina shan ƙwayar a lokaci ɗaya kullum. Spironolactone, wanda aka ba ki don rage gashin, yana sa yawan fitsari, ki sha da safe don ki samu barci, ki sha ruwa sosai, ki tashi tsaye a hankali. Kada ki haɗa shi da ibuprofen ko diclofenac, kuma a auna miki sinadarin fotasiyam a jini. Gashin ba ya raguwa sai bayan wajen wata shida. In aure ya zo kina son haihuwa, a daina spironolactone tukuna, yana cutar da ɗan tayi namiji. Ƙauri ɗaya ya kumbura da zafi, ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai dushe gani: ajiye ƙwayar tsarin iyalin, ki tafi asibiti a ranar, alamar daskarewar jini ce.