Ina so in naɗi tsofaffin waƙoƙin Hausa da muryata kyauta, daga ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandare. Na ga wani shafi mai suna LibriVox inda mutane ke karanta tsofaffin littattafai da muryarsu, kowa ya sauke kyauta. Ina sha'awar yin haka da rubutattun waƙoƙinmu da littattafai irin su Magana Jari Ce, saboda ɗalibaina da kuma makafi. Ko doka ta yarda? Kuma wane kayan aiki zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya saka da alheri bisa wannan niyya. Bari in fara da dokar, don ita za ta rage miki jerin littattafan da kika tanada.

Wani ɗan Kanada mai suna Hugh McGuire ne ya kafa LibriVox a 2005, kuma sharaɗinsu guda ne tun farko: ba sa karɓar karatun littafin da har yanzu yake da haƙƙin mallaka. Dokar Amurka suke bi, wadda a taƙaice take sakin littafi bayan shekara 95 da buga shi. Ke kuma a Najeriya kike, inda haƙƙin marubuci yake nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. To ki lissafa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan Magana Jari Ce ba zai fita daga hannun masu haƙƙinsa ba sai bayan 2051. Aliyu Namangi, mai Imfiraji, a 1990 ya rasu. Waɗannan sai da izini a rubuce, ko da ba ki karɓi ko sisi ba. Kyauta ba ta wanke mutum a gaban doka.

Abin da ya rage miki ba kaɗan ba ne. Waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19 duk sun fita: Shehu Usmanu ya rasu a 1817, 'yarsa Nana Asma'u a 1864. Sai dai fassara da sharhin da manazarta na zamani suka yi musu nasu ne, ki tsaya kan baitocin kawai. Akwai kuma abin da Turawa suka tattara suka buga tun da can: Magana Hausa na Schön a 1885, waƙoƙin da Robinson ya buga a 1896, da tatsuniyoyin da Rattray ya fitar a 1913, waɗanda wani malami Bahaushe ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu.

Nan ne aikin gaske yake, kuma shi na fi so ki ba wa hankalinki. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar "fari" a takarda tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko farkon abu. Mai karatu a zuci yana wuce wannan bai ko lura ba, amma mai naɗar murya dole ya zaɓi ɗaya, kuma abin da ya zaɓa shi yara za su haddace. Tsofaffin bugun Turawan nan sun fi muni, don rubutunsu ya riga ƙa'idar da muke bi yau, sau da yawa ba za ki iya raba k da ƙ ko d da ɗ ba sai da ma'anar jimla. Ga Sakkwatanci, ga kalmomin Larabci da Fulatanci.

Ita kuma rubutacciyar waƙa don rerawa aka yi ta. An gina ta kan karin da aka aro daga arulin Larabci, inda doguwar gaɓa da gajera ke bin juna a kan tsari. Idan kika ja wasalin da bai kamata ba, ɗangon ya karye, kuma kunnen tsohuwar da ta taso da waƙar zai kama ki tun kafin ki kai amsa-amo. Shawarata, kafin ki taɓa na'ura, ki nemi mai rera waƙar da ka, a makarantar soro ko cikin tsofaffin mata masu karatu, ki zauna ki saurara. In akwai kwafin ajami ki gwama shi da na boko, don ajami yakan nuna dogon wasali.

LibriVox suna da wata al'ada da nake so mu ara ko da ba a shafinsu za ki saka ba: kowane karatu sai wani mutum daban ya saurare shi daga farko har ƙarshe kafin a sake shi. Naki mai sauraron ya zama wanda ya san waƙar, ba wanda ya san kwamfuta ba.

Kayan aiki kuwa, kada ki kashe kuɗi tukuna. Wayarki ta isa. Ki shiga ɗaki mai katifa da labule, ki kashe fanka, ki bari maƙwabta su kashe janareto, ki ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinki. Manhajar kwamfuta ta Audacity kyauta ce, da ita za ki yanke tari da tuntuɓen harshe. Su ma LibriVox sukan nemi sabon shiga ya fara turo gwajin minti ɗaya.

Ki kuma san cewa duk abin da kika saka a LibriVox kin sallama shi ga duniya baki ɗaya, wani yana iya ɗauka ya sayar ba tare da ya tambaye ki ba. In hakan bai kwanta miki ba, ki ɗora a shafin ajiya na Internet Archive da sharaɗin da kika zaɓa, ki raba wa ɗalibai ta WhatsApp. A farkon kowane naɗi ki faɗi sunan waƙar, da mai ita, da kwafin da kika karanta daga ciki.