Filin Tambaya da Amsa: Gudu a Gindin Duwatsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Dutse, inaso in nemi aikin soja in Allah ya yarda, shi yasa kullum bayan sallar asuba nake fita gudu akan kwalta wajen hanyar Shuwarin. To sai wani abokina yace in bar titi in koma hawan duwatsun bayan garinmu wai sunfi sa ƙarfi, na gwada sati ɗaya, yanzu cinyoyina sunyi tsami gwiwata ta dama kuma ciwo take musamman in zanyi sujada. Dan Allah in ci gaba ne ko in koma kwalta?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika maka burinka. Abokinka yayi gaskiya amma rabin maganar ya faɗa maka. Hawan tudu yana ƙara ƙarfin cinya da sha-raɓa, yana buɗe numfashi, kuma ba ya jijjiga gaɓoɓi sosai tunda ƙafa ba daga nesa take faɗowa ba. Abinda bai gaya maka ba shine saukowa, nan ne matsalar take. In kana gangarowa a guje naman gaban cinyarka ne yake riƙe nauyinka yana taka maka birki a kowane taku, ita kuma gwiwa ita ke karɓar dukan, kuma na tabbata kai da abokin naka tsere kuke a gangaren tunda nan ne gudu yafi daɗi.

Tsamin cinya ba abin tsoro bane, yakan fi tsanani a rana ta biyu ko ta uku sannan ya sake ka da kansa cikin mako guda. Gwiwar ce nake so ka kula da ita. Ka huta da gudu har sai kaji kana sujada kana tashi babu zafi, a tsakanin nan kayi tafiyar ƙafa a fili kawai. In kaga ta kumbura, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko kana tafiya kaji zata zube da kai, to asibiti zaka je a duba, kar ka bari a kama ta ana murzawa da ƙarfi wai targaɗe ne, wallahi samari da yawa a haka suke ƙarasa lalata gwiwarsu ana gobe tantancewa.

Maganar hanya kuma, ba sai ka hau kan falalen dutse ba. Dutse tsurarsa ya ma fi kwalta tauri, ga tsakuwa mai santsi, ga ramuka. Abinda kuke dashi mai daraja a yankin Dutse shine hanyoyin da suka zagaye gindin duwatsun, hanyar gona da burtali da ƴar turbar da masu itace da masu kiwo suka taka ta kwanta, suna hawa suna sauka a hankali kuma ƙasarsu tana da ɗan laushi. Ka fara bin hanyar da ƙafa da rana tsaka ido na ganin ido, ka gane inda kwazazzabo yake, inda rairayi yayi zurfi, inda masu fasa dutse suke aiki, inda ruga take. Ka zaɓi wadda zata zagayo da kai gida ba wadda zata miƙe da kai daji ba, yadda ko ƙafa ta goce ba zakayi nisa da mutane ba. In kanaso ka san tsawonta ka roƙi mai mashin ɗin da mitarsa ke aiki ku bi tare, ko ka sa manhaja irin Strava a waya in kana da data.

A cikin zagayen ka nemi hayi guda wanda zaka haye cikin kamar minti ɗaya. Kayi sassarfa ta minti 10 a fili tukuna jiki yayi ɗumi, sannan ka hau hayin da gajerun taku, ƙirji a buɗe, ido a gaba, hannuwa suna aiki, kar ka dunƙule kana kallon yatsunka. In ka kai sama ka sauko da tafiya, tafiya nace ba gudu ba, ka sake hawa. Sau 4 ya isa a farko, sau biyu a sati, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya. Sai bayan wata guda ko fiye zaka fara koyon gangarowa da sassarfa, shima da ƙananan taku masu sauri, ba ka wurga ƙafa gaba ka dira akan diddige ba. Sauran ranakun kayi gudunka a fili, kwana ɗaya ko biyu kuma ka huta gaba ɗaya, hutun yana cikin tirenin ɗin.

Kwalta kuwa ni tsoro take bani, hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta bi ta Shuwarin da duku-duku ga tirela ga tanka ga direban da ya kwana yana tuƙi. In dole sai ka bi titi ka riƙe hannun hagu kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, ka cire abin jin waƙa daga kunne.

Kaga ƴan Kenya da Habasha da suke cinye gudun fanfalaki na duniya, mai kilomita 42 da ɗoriya, yawancin atisayensu akan hanyar ƙasa mai hawa da sauka suke yi. Garin Iten na Kenya yana kan tudu kusan mita 2,400 daga teku, iskar can tana da ƙarancin abinda huhu ke zuƙa, shi yasa jininsu yake sabawa. Mu duwatsunmu ko kusa basu kai nan ba, kar wani ya ruɗe ka, amma ƙarfin ƙafa da juriya da hayi ke bayarwa iri ɗaya ne ko a ina. Ko a gida Najeriya ai ƴan Filato, musamman wajen Pankshin, sune suka yi suna a dogon gudu, ƴaƴan tudu ne.

Abu ɗaya da bana so ka raina: saurayi yana falfala gudu a bayan gari da sauran duhu, wanda bai san ka ba ɓarawo zai zata, a wannan zamanin kuwa zato kaɗai ya isa ya jawo fitina. Ka sanar da mai unguwa da ƴan sintiri, ka bari gari ya ɗan waye, ku fita ku biyu ko uku, ka riƙa yiwa mutanen gona sallama har su saba da fuskarka. Da damina kar ka keta kunyar gero ko riɗin wani don ka rage hanya. In ka doshi ruga ka koma tafiya, kare mai gudu yake bi.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce a Birnin Kudu, shekarata 44, likita yace ina da hawan jini in riƙa motsa jiki. Ina sha'awar zagaya wajen duwatsun nan namu amma gudu ba zan iya ba, ga kuma bakin mutane.

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya ƙara lafiya. Ba sai kinyi gudu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar, kuma tafiya da sauri ta wadatar, irin wadda zaki iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. In hanyar tana da ɗan hayi to kin ma fi mai tafiya a fili samu. Ki nemi abokan aiki biyu ko maƙwabta ku riƙa fita da sassafe ko bayan la'asar, da sanin maigida, in ya raka ku ma yafi, hijabi mara nauyi da dogon wando da kambas sun isa, mutane kuwa in sun ga abin ya ɗore su da kansu zasu fara tambaya ko akwai wuri. Kar ki daina shan maganinki don kin fara tafiya, kuma in kikaji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe ki tsaya nan take a kai ki asibiti. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ki tafi da ruwa ki dawo kafin rana ta ɗaga. Kuma tunda wajen Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu na mutanen da a jikin dutse, dan Allah in kun je da yara a hana su gogewa ko rubuta suna a kai.

TAMBAYA: Yaya ni daga wajen Rano nake, silifas nake gudu dashi a hanyar gona, kuma da damina ina tsoron maciji.

AMSA: Ƙanena ka ajiye silifas, tsidau da ƙaya zasu huda shi, a gangare kuma zai zame da kai. Kambas ɗin gwanjo ya isa in dai ƙasansa bai shafe ba, ka sayi wanda ya ɗara ƙafarka kaɗan don yatsu su samu wuri a gangare, ka sa safa, ka kuma zazzage shi kafin ka sa saboda kunama. Tsoronka na maciji yana kan hanya, kububuwa da kasa suna son gindin dutse da ciyawa, kuma da asuba da magariba sukafi fitowa. Ka tsaya a tsakiyar turbar da kake ganin ƙasa, kar ka zura hannu a kogo, kar ka hau dutsen da ruwa ya jiƙa. In tsautsayi ya faɗa kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure da igiya tamau, ka daina gudu nan take, a cire zobe ko abinda zai matse, a ɗauke ka akan mashin ko mota zuwa babban asibiti mafi kusa a nemi allurar dafin maciji.