Dalilin cewa "look forward to hearing"

Malam, ka ce an gyara maka "I look forward to hear from you" a takardar neman aiki, kana tambayar ina kuskuren. Ai wannan "to" ɗin ba irin na "want to go" ba ne, suna ne (wato noun) ke bin sa, kamar "look forward to Friday". In aikatau ne zai zo, sai ya ɗauki -ing, ya zama "hearing". Haka "object to" da "be used to" suke, wannan na ƙarshen ma ya fi wahalar da ɗalibai.

Ga dabara mai sauƙi: saka "it" bayan "to" ka ji. "Look forward to it" ya zauna daram, sai -ing. "Want to it" kuwa ko a kunne bai shiga ba.